Ayu: Dabbar Kogin Kwara da aka san manta ba a san kamanninta ba

Duk wanda ya saba shiga kasuwannin Kano, Sakkwato, Kaduna ko Abuja, ko yake leƙa tallace-tallacen masu kayan mata a Facebook da WhatsApp, ya taɓa jin sunan man ayu. Sai dai in aka ce masu saye da masu sayarwa su kwatanta ayun kansa, ƙalilan ne za su iya. Wasu na ɗaukarsa wani babban kifi, wasu na cewa ɗan ruwa ne, rabinsa mutum rabinsa kifi.

Masuntan ƙasar Yawuri, daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta Ƙaramar Hukumar Ngaski, sun san ba haka abin yake ba. Ayu dabba ce mai shayarwa kamar saniya, mai shaƙar iska, mai cin ciyawa, wadda ke rayuwarta baki ɗaya a cikin ruwa. Yana cikin manyan dabbobin da suka rage a Kogin Kwara da Tafkin Kainji, kuma yana cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu. Dalilan wannan fargaba uku ne: haihuwarsa ba ta da yawa, madatsun ruwa sun yanyanka masa hanya, sannan kasuwar namansa da mansa ba ta daina kira ba.

Sunansa da danginsa

Masana kimiyya na kiran ayun Afirka Trichechus senegalensis, sunan da aka raɗa masa a 1795 aka jingina shi da ƙasar Senegal. Yana da 'yan'uwa biyu. Ɗaya na zaune a gaɓar Florida ta Amurka da tsibiran Karebiyan har zuwa Brazil, ɗayan kuma a Kogin Amazon. Akwai kuma wani danginsu na teku da ake kira dugon, wanda ake samu a Bahar Maliya da gaɓar Gabashin Afirka har Ostareliya. Waɗannan huɗu su ne kaɗai suka rage a wannan zuriya a duk duniya.

Abin mamaki, a doron ƙasa dabbar da ta fi kusa da ayu ta fuskar asali ita ce giwa, sai kuma rema da ke zaune a duwatsu. Ba shi da wata dangantaka ta kusa da kifi, ko dorina, ko kada, duk da cewa ruwa ɗaya suke sha.

Sunansa na Hausa ya daɗe da shiga littattafan Turawa. Bajamushen nan mai yawon bincike, Eduard Vogel, ya kwatanta dabbar da ya samu labarinta a Kogin Binuwai a shekarun 1850, ya kuma rubuta sunanta kamar yadda ya ji a bakin mutanen wurin, wato ayu.

Ana samun ayun Afirka a ƙasashe 21, daga Kogin Senegal a arewa zuwa Angola a kudu. Yana zama a bakin teku da cikin ruwan daɗi. A Kogin Kwara ya hau har cikin Jamhuriyar Nijar da Mali, nisan sama da kilomita 2,000 daga teku. A Najeriya akwai shi a Kwara da Binuwai da rassansu, da yankin Neja-Delta, da lagon Legas, da Tafkin Pandam na Jihar Filato.

Surar jikinsa

Babban ayu kan kai tsawon mita 3 ko fiye, nauyinsa kuma daga kilo 300 zuwa 400, wani ma ya ɗara. Jikinsa mulmulalle ne, fatarsa mai kauri ce, launin toka-toka, da gashi jefi-jefi. Ba shi da ƙafafun baya ko kaɗan. A madadinsu yana da faffaɗar wutsiya mai kama da faifai, wadda yake kaɗawa sama da ƙasa ya tura kansa gaba. Wannan na cikin abin da ya bambanta shi da kifi, domin kifi gefe da gefe yake kaɗa tasa. Hannayensa biyu gajeru ne, masu kama da filafilin tuƙa kwalekwale, kuma a bakinsu akwai farata. Da su yake dafa ƙasan kogi yana tafiya, da su yake tura ciyawa baki.

Leɓensa na sama a rabe yake gida biyu, kowane ɓangare na motsi da kansa, yana damƙar ciyawa kamar yadda giwa ke yi da bakin hancinta. Gashin da ke kewaye da leɓen mai kauri ne, da shi yake laluben abinci a ruwan da ya gurɓace. Idanunsa ƙanana ne, ba shi da fatar kunne a waje, amma jinsa na da kyau ƙwarai.

Haƙoransa na da wata baiwa. Turame kaɗai gare shi, kuma ba sa ƙarewa. Ciyawar kogi cike take da yashi mai cinye haƙori, saboda haka sabon turmi kan tsiro daga can ƙuryar muƙamuƙi, ya riƙa matsowa gaba sannu a hankali, na gaba da ya side ya faɗi. Haka abin ke gudana har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙasusuwan haƙarƙarinsa masu nauyi ne, a cushe suke babu kogon ɓargo, su ne ke taimaka masa ya nutse ya zauna a ƙasa ba tare da wahala ba. Huhunsa dogo ne, a shimfiɗe yake a bayansa. Wuyansa gaɓa shida ne, alhali kusan dukkan dabbobi masu shayarwa, har raƙumin dawa, bakwai gare su. Shi ya sa in zai waiwaya sai ya juya jikinsa gaba ɗaya.

Tun da iska yake shaƙa, dole ne ya riƙa tasowa sama. Yakan yi haka duk bayan minti uku zuwa biyar, in yana hutawa kuma yakan kai kusan minti 20 a ƙasa. Ba ya fito da jikinsa. Ƙofofin hancinsa kawai yake ɗagowa, ya fesar da iska, ya shaƙi wata, ya rufe su da wata 'yar fata, ya koma. Wannan ne ya sa mutum zai shekara yana ƙetare kogi tsakanin Zamare da Rofiya bai taɓa ganinsa ba. Wannan buƙata ta iska kuma ita ce lagonsa: in ya sarƙe a taru a ƙarƙashin ruwa, nutsewa yake yi ya mutu kamar yadda mutum zai mutu.

Nonon macen a hammata yake, ɗaya a kowane gefe. Ana ganin wannan siffa na cikin abin da ya haifar da labaran 'yan ruwa a ƙasashe da dama. A kudancin Najeriya da wasu ƙasashen gaɓar teku ana danganta shi da Mami Wata. Ko Christopher Columbus, a 1493, ya rubuta cewa ya ga matan ruwa guda uku a yankin Karebiyan, waɗanda masana suka yi ittifaƙin ayu ne.

Abincinsa da zirga-zirgarsa

Ayu makiyayin kansa ne. Yana cin burugu da sauran ciyayin da ke tsiro a bakin ruwa, da kainuwa, da bado, da ganyen da ya sunkuyo kan kogi. A rana ɗaya yakan ci abin da ya kai kashi 4 zuwa 9 cikin 100 na nauyin jikinsa, wato babban ayu na iya lamushe kilo 20 zuwa 30 na ciyawa. Hanjinsa dogo ne ƙwarai, abinci kan ɗauki kusan mako guda kafin ya ratsa shi. Binciken Dokta Lucy Keith-Diagne, masaniyar da ta daɗe tana aiki kan ayu daga Senegal, ya nuna cewa na Afirka na haɗawa da ƙumba da katantanwar ruwa da ƙananan kifi. Wannan ya gaskata ƙorafin da masunta suka daɗe suna yi cewa yana tsotse musu kifin da taru ya kama.

Rayuwarsa a yankin Yawuri na bin hawa da saukar ruwa. Kogin Kwara na kawo ambaliya sau biyu a shekara a wannan yanki. Akwai farin ruwa, mai laka, wanda daminar ƙasar nan ke kawowa daga wajen Agusta zuwa Oktoba. Akwai kuma baƙin ruwa, wanda ya taso tun daga tsaunukan Gini, ya ratsa fadamun Mali ya tace, ya iso nan da sanyin hunturu. In ruwa ya hau ya malale fadamu, ayu kan bi shi ya shiga cikin burugu ya yi kiwo. In ruwa ya fara ja, sai ya koma gurabe masu zurfi, ya rage motsi, ya dogara da kitsen da ya tara. A Tafkin Kainji bambancin cikar ruwa da janyewarsa kan kai kimanin mita 10 a shekara, saboda haka wurin da yake kiwo a wannan wata na iya zama busasshiyar ƙasa bayan 'yan watanni. Wanda ya makara a wani ƙaramin tafki da ya yanke daga kogi, ya shiga hannun mafarauta ko na yunwa.

Ba shi da faɗa. Ba ya cizo, ba ya kifar da jirgi kamar dorina, ba shi da ƙaho ko haure. Abin da ya iya kawai shi ne ɓuya. A wuraren da ake farautarsa ya koma yin kiwo da dare.

Haihuwa: inda matsalar take

In mace ta shiga lokacin barbara, maza da yawa kan taru su yi ta bin ta kwana da kwanaki, suna turereniya har cikin ruwa marar zurfi. Wannan shi ne lokacin da aka fi ganin ayu a fili, kuma mai yiwuwa daga nan ne ya samo sunan da Hausawa suka san shi da shi na yawan jaraba, har ake kwatanta mutum da shi. A kan wannan suna aka gina kasuwar mansa.

Gaskiyar lissafin haihuwarsa kuwa ta saɓa wa sunan. Bisa abin da aka auna a jikin ɗan'uwansa na Amurka, wanda aka fi yin nazari a kansa, mace na ɗaukar ciki kimanin wata 12 zuwa 13. Ɗa ɗaya take haifa, tagwaye sai nadiran. Jaririn kan zo da tsawon kimanin mita ɗaya, ya zauna tare da uwarsa shekara ɗaya zuwa biyu yana shan nono, yana koyon inda ciyawa take da inda gurabe suke. Tsakanin haihuwa da haihuwa akan samu shekara biyu zuwa biyar. 'Yar da aka haifa kuma sai ta shekara uku zuwa biyar kafin ta fara nata.

A gwada wannan da akuya, wadda kan haifi biyu ko uku, ta kuma sake haihuwa kafin shekara ta zagayo da nisa. A gwada shi da karfasa, wadda ke ƙyanƙyashe ɗaruruwa sau da yawa a shekara. Tafkin da aka kwashe kifinsa na iya farfaɗowa cikin 'yan shekaru in aka ɗaga masa ƙafa. Ayu ba haka yake ba. In aka kashe mace ɗaya mai shayarwa, an kashe biyu, domin jaririn ba zai rayu ba, an kuma toshe duk haihuwar da za ta yi nan gaba. Kashe 'yan ƙalilan a kowace shekara ya isa ya ƙarar da ayun wani yanki, ba tare da kowa ya lura da ranar da na ƙarshe ya tafi ba.

Yadda madatsa ta mayar da kogi tsibiri

An fara gina Madatsar Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Ruwan da ta tare ya zama tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,270, wanda ya miƙe daga madatsar har kusa da Yelwa. Ya haɗiye tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya cinye mafi yawan tsibirin Foge da wasu gungaye masu yawa. An tashi sama da mutum 40,000, cikinsu har da Gungawa, waɗanda sunansu ma daga gungu ya samo asali, aka sake musu matsuguni a tudu.

Ga ayu, tafkin ya zo da amfani da kuma illa. Ya samar da faffaɗan ruwa mai bakin ciyawa. Amma katangar madatsar ta raba ayun sama da na ƙasa, waɗanda a da suke haɗuwa su yi barbara. Da aka gina Madatsar Jebba a shekarun 1980, kimanin kilomita 100 a ƙasa da Kainji, sai waɗanda ke tsakanin madatsun biyu suka zama a kulle gaba da baya. Rahotannin masana sun kuma ambaci gawarwakin ayu da aka tsinta a ƙasan Madatsar Kainji, bayan ruwa ya ja su ta injinan wuta da ƙofofin sakin ruwa. A yanzu hanya ɗaya ta rage wa ayun Yawuri, wato ta arewa, zuwa Gaya da Yamai da Gao. Ita ma Madatsar Kandadji da Jamhuriyar Nijar ta fara ginawa a yankin Tillaberi za ta datse ta in aka kammala.

Masana halittu na kallon dabbar da ta shiga irin wannan hali kamar dabbar tsibiri. Duk dabbar da ke killace a wuri guda, in yawanta ya ragu babu inda wasu za su zo su cike giɓin, kuma barbara tsakanin dangi na kusa na raunana zuriya. Shi ya sa dabbobin tsibirai suka fi saurin ƙarewa. Misali na yau shi ne baƙin biri mai tukku na tsibirin Sulawesi a Indonesiya, wanda farauta don nama da sare daji don noma suka jefa shi cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa. Misali na jiya kuwa daga cikin dangin ayu ya fito. A 1741 wani masani mai suna Georg Steller ya ga wata ƙatuwar saniyar teku, mai tsawon kusan mita 8, a gaɓar tsibirin Bering da ke gabashin Rasha. Matuƙa jiragen ruwa suka far mata don nama da kitse. Zuwa 1768, shekara 27 kacal, babu ko ɗaya a duniya.

Mashi, taru da kasuwa

Farautar ayu tsohuwar sana'a ce a Kogin Kwara. Sarkawa, masuntan da suka gangaro daga ƙasar Songhai da Kabi, sun shahara da farautar dorina da kada da ayu. Mafarauci kan gano wurin kiwonsa ta hanyar ciyawar da ya datse da kashinsa da ke yawo a kan ruwa, ya laɓe da dare a kwalekwale ko a kan wani dandamali, ya jira ya ɗago hanci, ya soke shi da zago mai igiya. A da, sana'ar ta 'yan gado ce, mutane ƙalilan ne ke yin ta, kuma tana da ƙa'idoji da tsoron abin da zai biyo baya in aka karya su. Wannan ya taƙaita yawan wanda ake kashewa.

Abubuwa sun sauya. Bayan cikar tafkin, masunta sun kwararo daga sassa da dama. Tarun roba, wanda ba ya ruɓewa kuma ba ya tsinkewa da sauƙi, ya maye gurbin na zare. Kalli da mamari da dala sun cika ruwa, kuma ko ba ayu aka nufa ba yakan faɗa ciki. Masuncin da ya wayi gari da ayu a tarunsa, ga taru ya yage, ga nama mai yawa da mai saye a shirye, da wuya ya sake shi. Manomin da ya tarar ayu ya shiga masa shinkafar fadama da dare shi ma yana da nasa ƙorafin. Ga jiragen inji masu farfela da ke sara bayansa. Ga noman rani da kiwo da yankan burugu don dabbobi, waɗanda ke rage masa abinci a bakin ruwa.

Babban abin da ke ƙara wa wutar fetur shi ne kuɗi. Babu abin da ake yarwa a jikin ayu: nama, kitse, fata, ƙashi, har al'aura. Man da ake narkawa daga kitsensa ne ke tafiya mafi nisa, domin ba ya lalacewa da wuri, kuma ƙaramar kwalba ta isa ciniki. Ana tallansa a matsayin maganin sanyin ƙashi da ciwon kunne, amma an fi nemansa don sha'anin aure da mallaka. Babu wani binciken likitanci da ya tabbatar da ɗaya daga cikin waɗannan amfanoni. Kitse ne na dabba mai cin ciyawa.

Ya kamata mai saye ya auna abu biyu. Ba shi da hanyar da zai bambance man ayu da kitsen wata dabba ko man gyaɗa da aka sauya wa launi. In na jabu ne, an ci kuɗinsa, an kuma ba shi abin da bai san haɗinsa ba ya sha ko ya shafa a jiki. In na gaske ne, ya sayi abin da doka ta haramta, kuma kuɗinsa ne zai koma bakin kogi ya sa a kashe wani. Ta kowace fuska babu riba.

Abin da doka ta ce

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya ayun Afirka a rukunin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, bisa hasashen cewa yawansa na iya raguwa da kashi 30 cikin 100 ko fiye a cikin zuriya uku. A watan Maris na 2013, a taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Bangkok, ƙasashen Benin da Senegal da Saliyo suka gabatar da buƙatar a mayar da shi jeri na ɗaya, aka kuma amince. Ma'anar haka ita ce an haramta cinikinsa ko cinikin wani sashe na jikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa. Ɗan kasuwar da ya ɗauki kwalbar man ayu daga Kano zuwa Maraɗi, ko ya aika da ita Saudiyya, ya karya wannan yarjejeniya.

A cikin gida, Dokar Kare Dabbobin da ke Fuskantar Ƙarewa ta 1985 ta haramta farautarsa da kama shi da cinikinsa. Tarar da ta tanada da farko naira 1,000 ce, wadda ta daɗe da zama abin dariya, har aka yi wa dokar gyara a 2016 aka ɗaga tarar zuwa miliyoyin naira. Hukumar NESREA ce ke da alhakin tabbatar da bin ta. A farkon 2020, lokacin da wani bidiyo ya bazu na wasu matasa suna jan ayu da ransa a kan titi a yankin Neja-Delta, Ƙaramar Ministar Muhalli ta lokacin, Sharon Ikeazor, ta fito ta yi tir da abin.

Akwai kuma wuraren da aka keɓe. Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a 1979 ta hanyar haɗa dazuzzukan Borgu da Zugurma, na da faɗin murabba'in kilomita 5,340. An sanya tsibiran Foge cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2008. Sai dai mafi yawan ruwan da ayu ke kiwo a ciki, musamman ta ɓangaren Yawuri da Ngaski da Shanga, yana wajen iyakar gandun, kuma matsalar tsaro ta rage wa ma'aikatan gandun sukunin sintiri. A aikace, makomar ayu na hannun masunta da sarakunan ruwa fiye da hannun jami'ai.

Amfaninsa yana raye

Dabbar da ke cin kilo 20 zuwa 30 na ciyawar ruwa kullum ma'aikaciya ce da ba a biya. Tana buɗe hanyoyin da ciyawa ke toshewa, kashinta kuma taki ne ga ƙananan halittun da kifi ke ci. A ƙasar Guyana ta Kudancin Amurka an daɗe ana sanya ayu a magudanan ruwa don ya share ciyawa.

Mutanen Kainji sun san darajar wannan aiki. Tun ƙarshen shekarun 1980 baƙuwar kainuwar nan mai fure, wadda asalinta Kudancin Amurka ne, ta gangaro ta Kogin Kwara ta addabi tafkin, tana toshe mashigai tana lalata taru. Sai da aikin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus na bunƙasa su a tafkin, tare da cibiyar binciken kifi ta NIFFR da ke New Bussa, suka haɗa kai da al'umma wajen kwashe ta, har aka girka shingen tare ta a kogin. Ayu na cin wannan kainuwa. Shi kaɗai ba zai iya kawar da ita ba, amma rashinsa na ƙara mata sarari.

Abin da aka gwada a wasu wurare

A Florida, ƙidayar sama da aka yi a 1991 ta ga ayu 1,267. Bayan an taƙaita gudun jirage a wuraren da yake zama, an kuma keɓe masa mafaka, adadin ya haura 6,000, har hukumomin Amurka suka sassauta matsayinsa a 2017. Amma a 2021 sama da 1,000 suka mutu a shekara ɗaya, yawancinsu saboda yunwa, bayan gurɓatar ruwa ta kashe ciyawar da suke ci. Darasin a fili yake: hana kisa na aiki, amma bai wadatar ba in babu abinci.

A Senegal, inda madatsun Diama da Manantali suka sauya tafiyar kogi, ma'aikata da mutanen ƙauyuka kan haɗu su ceto ayun da ruwa ya janye ya bari a yankin Matam, su mayar da shi babban kogi. A Tafkin Guiers kuma ƙauyuka ne da kansu ke kula da wani keɓaɓɓen wuri mai suna Tocc-Tocc. A Najeriya ma tunanin ba sabo ba ne: tun shekarun 1970 masaniyar dabbobi Sylvia Sikes ta yi aiki kan ayu a Jihar Binuwai-Filato ta lokacin, kuma kare shi na cikin dalilan keɓe Tafkin Pandam.

Ƙasar Yawuri na da abin da za a ɗora irin wannan aiki a kai. Akwai masarauta mai faɗa a ji, akwai sarakunan ruwa a kowane mashigi, akwai ƙungiyoyin masunta da suka taɓa zama suka amince da hana dala saboda tana kwashe 'ya'yan kifi. Akwai bikin Rigata da ke tara jama'ar kogi a Yelwa. Masuntan da suka san guraben da ayu ke fakewa da rani su ne za su iya nuna inda ya kamata a hana shimfiɗa taru na 'yan watanni, da bakin ruwan da ya kamata a bar wa burugu. Wanda ya saki ayun da ya faɗa tarunsa kuwa ya cancanci a biya shi tarun da ya yage, domin ba a ce wa mai neman abincin yau ya yi asara don amfanin kowa ba tare da an tallafa masa ba.

Ragowar aikin na birni ne. Mai shagon da ya daina ajiye man ayu, da matar da ta daina tambayarsa, da jami'in kwastan ko na NAFDAC da ya san cewa kwalbar da ke gabansa haramtacciya ce, kowannensu na rage dalilin da zai sa wani ya kwana a kwalekwale da zago a hannu, yana jiran hanci biyu su ɓullo a kan ruwa.